Na Je Wankan Jego, Na Ƙare a Gonar Soso

Tun da na dawo ban ƙara samun sakewa a zumuntar mata ba. Da an ce amin sai wata ta jawo kujera ta matso, "Malama, wai da gaske kin shiga teku?" A kasuwa ma haka, har mai injin niƙa na Rikoto, nan cikin Zuru, sai da ya kashe injinsa don ya ji da kunnensa. Na gaji da maimaitawa, ga labarin kuma sai ƙiba yake yi a bakin mutane, don shekaranjiya na ji an ce wai kifi ne ya ɗauke ni sai da sojojin ruwa suka ƙwato ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta.

'Yata Hannatu ce sanadi. Tana karatun digirinta na ƙarshe a Zanzibar, wani tsibiri na ƙasar Tanzaniya, kuma abin da take nazari shi ne soson teku. Ba irin namu mai yaɗo a jikin darni ba. Nasu halitta ce mai rai da ke zaune wuri ɗaya cikin ruwa, a cikin jikinta kuma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Su ne Hannatu ke bi. Babanta, tsohon soja da duk unguwa ke kira Saja, har yau bai gamsu ba. "Mi za a karanta cikin soso? Ga shi nan ya cinye muna darni, ta taho ta karanta kyauta."

Haihuwa ta zo mata tun lokaci bai yi ba. Mijinta Ishaku shi ma soja ne, yana bakin daga, ba a ba shi hutu ba. Da ta kira ni daga asibiti na ji muryarta ba daidai ba, na ɗauka ciwo ne. Ashe soso ne. Ta ce tun da ta je take yankar 'yar tsoka daga jikin wasu soso da ta sa wa lamba, da sanyi da zafi, saura yanka ɗaya tak, na tsakiyar zafi, wanda ta tsara za ta yi kafin ta sauka. Yanzu ga jariri, ga ɗinki. Idan zafin bana ya wuce, tallafin karatunta zai ƙare kafin na baɗi, duk wahalar shekarun nan ta tashi a banza. Na ce mata, "Ki ajiye zancen soso ki kwanta, ga ni nan zuwa." Takarduna dama a shirye suke, tunda ni zan yi mata wankan jego. Na ɗaure kanwa da daddawa da kuka da yaji da garin gero. Babbar tukunyar dafa ruwa ce kawai Saja ya hana ni ɗauka, wai zan sa a yi wa Zuru dariya a filin jirgi.

Motar Kontagora na shiga da sassafe. Kusa da ni Mama Ngozi ce, mai shagon robobi a kasuwa, za ta saro kaya. Da ta ji inda na nufa sai ta dafe ƙirji. "Kai, Malama, ruwa ba shi da reshe fa. In ya kama ka, babu wurin riƙewa." Na ce mata ni da teku sai dai kallo daga nesa, wanka na je yi wa yarinya. Bayan Rijau taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin ɗorawa. Direban yana ta cewa, "Ku yi hanƙuri, yanzu-yanzu," har inuwa ta bar mu muka bi ta da ƙafa. A nan Mama Ngozi ta koya mini yadda ake ɗaure bel a jirgi, da gefen zanenta, alhali daga baya ta faɗa mini ita ma ba ta taɓa hawa ba.

Na kwana Abuja wajen ƙanen Saja, washegari na hau jirgi. Mun yada zango a Habasha, inda sanyi ya nuna mini bai san girma ba. Na sayi abincinsu, wani faifai mai laushi da tsami kamar wainar da ta kwana biyu, na ci don yunwa ba ta san baƙunta ba.

A Zanzibar aka yi ta. Wani ma'aikacin kwastan, dogo mai ladabi, ya buɗe jakata. Daddawar nan da ta kwana biyu a rufe ta yi masa sallama tun kafin ya gan ta, ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Suka wuce ta da kyar, suka tsaya kan kanwa. Suna juya dunƙulen suna kallona, ga tsohuwa daga Najeriya da farin dutse a ƙunshe cikin tsumma. Na yi bayani da Turanci, ba su gamsu ba. Sai na gutsura na sa a baki, na miƙa wa dogon saura. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Ah, magadi!" Ashe suna da ita, har a girki suke sa wa. Aka rufe mini jaka da dariya, shi kuma na bar shi yana neman ruwan kurkure baki.

Ƙauyen da Hannatu take yana gabashin tsibirin. Motarsu ta haya a-kori-kura ce da aka yi wa rumfa da benci, kowa na kallon kowa, gwiwa na gugar gwiwa. Na sauka na tarar da 'yata ta rame, jikana kuwa ɗan mitsitsi amma da murya irin ta kakansa. Na rungume su na yi kukana na more, ban ji kunyar kowa ba.

Ɗaki take haya a gidan wata mata mai suna Bi Zuhura, gajera kakkaura, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Swahili, amma ba mu rasa abin faɗa ba. Na tarar ta riga ta fara yi wa Hannatu jego irin nasu. Su ma kwana arba'in suke yi, su ma ruwan zafi, sai dai suna murza mai jego da man kwakwa, kununsu kuma masoro suke zuba masa har ya fi yajinmu faɗa. Na ce kunun kanwa za a sha. Ta ce nata. Muka tsaya kan yarinya kowa da kwanonta, Hannatu tana fassara tana dariya tana riƙe ciki. Aka raba gardama, nawa da safe, nata da yamma. Abincinsu shinkafa ce da ruwan kwakwa, ga kifi kamar a banza. Wata rana aka kawo mini romon wani naman ruwa mai hannuwa takwas, pweza suke ce masa. Na rufe ido na ci, kuma in faɗi gaskiya na nemi ƙari. Na yi musu miyar kuka don ramuwa, Bi Zuhura ta ɗaga cokali ta ga miya na bin sa, ta ajiye ta ce ta ƙoshi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tekun nan tafiya yake yi. Da safe ka gan shi bakin gidaje, kafin rana ta take ya janye can nesa ya bar fili, mata su bi shi da buhuna da igiyoyi kamar masu zuwa gona. Gonar ce kuwa. Wasu ciyawar teku suke nomawa, su Bi Zuhura kuma soso. Suna yanka shi ƙanana su rataya a igiya cikin ruwa, su riƙa zuwa suna cire masa datti kamar yadda muke noman ciyawa, in ya girma su sayar. A igiyoyinta ne Hannatu ta sa lambobinta.

Ina gasa wa Hannatu jiki wata safiya na ce, "To ke wai me kike nema a cikin abin nan?" Ta ce, "Mama, soso gida ne. Waɗannan bakteriya 'yan haya ne, amma haya da aiki suke biya. Wasu na sarrafa masa abinci, wasu na kwashe ƙazantarsa, wasu na haɗa wani abu mai ɗaci da ke hana kifi cin sa. Idan ruwa ya yi zafi ƙwarai soson su Bi Zuhura yakan yi ciwo ya ruɓe. Ina so in san waɗanne ne ke fara tashi daga gidan, su wa kuma ke shigowa a madadinsu. In an sani, matan nan za su san irin da ya kamata su raina." Na ce ashe ba duk ƙwayar da ido ba ya gani ce cuta ba. Ta ce, "Daddawarki ma su suka yi miki ita." Na ce ta kiyaye ni.

Ruwan ba kullum yake janyewa sosai ba. Sai wata ya cika ko ya ɓace yake yin nisa na 'yan kwanaki, a lokacin ne ake kaiwa ga igiyoyin da ƙafa. Kwanakin suka zo, kuma su ne na ƙarshe kafin damina ta sanyaya ruwan. Abokiyar karatunta da ta yi alkawarin zuwa ta kwanta zazzaɓi a birni. Matan ƙauye kowace na fama da tata gonar, don su ma kwanakin ke nan da suke da su. Bi Zuhura kaɗai ta rage, aikin kuwa na mutum biyu ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da hantsi na fito daga wanki na ga Hannatu ta sa takalman roba, tana ɗaukar kula. Ko sati biyu ba ta yi da haihuwa ba.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Mama, awa biyu ne kawai. Ruwan ma ɗumi gare shi."

"Da ɗanyen jiki? Da ɗinki? Ko nas ɗin da ta sallame ki ce ta ce ki je ki yi iyo?"

Ta san nas ɗin ma ta hana. Sai hawaye. "Shekaruna ne za su tafi, Mama. Ishaku na can yana kwana a rami, ni na bar kowa na zo nan. In koma Zuru in ce me?"

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni. Na san 'yata, in na juya baya za ta tafi. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Cire takalman nan ki ba ni" ba. Ni da ko rafin bayan gari ba na ƙetarewa in ya kawo gwiwa.

Ta zaunar da ni ta yi mini darasi, ni da na shekara talatin ina yi wa wasu. In sa safar hannu, don kada ƙwayoyin hannuna su cakuɗu da na soso. Bi Zuhura za ta yanka, ni in karanta lamba in buɗe ledar da ke da lambar. Tsokar ta shiga leda a ƙarƙashin ruwa, a rufe a ƙarƙashin ruwa, kada iska ta taɓa ta ko kaɗan. Ta maimaita har na ce, "Ke, na ji. Ba daƙiƙiya kika samu ba." Aka sa mini wata rigar roba mai hana nitsewa wadda ta ƙi rufuwa a ƙirji, aka ɗaure ta da igiya. Na ja layi a yashi da ƙafata na ce wa Hannatu in ta tsallake shi ban yafe ba.

Muka shiga. Ruwa ya kawo idon sawu, ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu. Duk addu'ar da na iya na yi, da Hausa da C'lela, yarenmu na Zuru. Bi Zuhura na gaba tana jan kula a kan ruwa kamar akuya, tana waiwayowa tana cewa, "Pole pole," wato sannu-sannu. Da muka kai igiyar farko ruwa na ƙirjina. Na leƙa na ga abin da ya raba ni da 'yata shekara da shekaru, wasu dunƙule-dunƙule masu duhu da santsi, ko kyan gani babu.

Bi Zuhura ta yanko tsoka ta farko ta miƙo mini. Jama'a, sabo turken wawa. Hannun da ya yi shekara hamsin yana wanke-wanke bai tsaya shawara da ni ba. Na ɗago abin sama, na matse shi tsaf, har ina yarfewa. Ihun da Bi Zuhura ta yi sai da matan gonar ciyawa suka miƙe tsaye. Ta kama kai, ta nuna ruwan da ya tsiyaye ta yatsuna, ta yi ta zuba Swahili. Ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka. Na kori 'yan haya da hannuna. Matan can da suka fahimci abin da ya faru suka fashe da dariya, wata har da zama cikin ruwa.

Ni ban yi dariya ba. Soson ƙanana ne, ba a yankar ɗaya sau uku ya rayu. Bi Zuhura ta auna shi da ido, ta sake yankar 'yar ƙarama, ta kama wuyan hannuna ta danna cikin ruwa ta riƙe har na rufe ledar. Daga nan na tura hannuwana ƙasa na ce musu in kun sake fitowa ba da izini ba, ni da ku ne. Muka kama aiki. Ta yanka, in karanta, in buɗe, in rufe, a jefa a kula. Har na fara jin daɗin abin, ina yi wa soso magana kamar 'yan aji ɗaya.

Ɓarnar da na yi ta ci mana lokaci. Muna igiya ta ƙarshe, wadda ta fi nisa, na ji ruwa ya taɓa mini haɓa. Tekun ya fara dawowa. Matan ciyawa duk sun kama hanyar tudu da buhunansu. Bi Zuhura ta nuna gaɓa, ta nuna ruwa, ta girgiza kai. Na duba hannuna, saura leda biyu. Tun a gida Hannatu ta faɗa mini na wannan igiyar su ne waɗanda ba su taɓa ciwo ba, da su za ta gwada sauran. Na waiwaya na hango ta can, 'yar ƙarama, tsaye da jariri a kafaɗa. Na ɗaga wa Bi Zuhura yatsu biyu. Ta dube ni, ta yi tsaki irin na duk duniya, ta nutsa da wuƙarta.

Ta farko ta shiga lafiya. Ina buɗe ta biyu na ɗaga ƙafa don in gyara tsayuwa, na sauke ta kan wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya. Zafin ya harbe ni har ƙwaƙwalwa. Na buɗe baki zan yi ihu, teku ya cika shi da gishiri. Ƙafafuna suka bar ƙasa, rigar roba ta ɗaga ni ina lilo. Amma hannuwan nan da na yi wa kashedi ba su fito ba. A ƙasa suka karɓi tsokar, a ƙasa suka rufe ledar, ni kuwa ina tari ina kiran sunan Yesu. Bi Zuhura ta ƙwace ledar ta jefa a kula, ta kama igiyar rigata ta ja ni da hannu ɗaya, kula a ɗayan. Haka aka fito da shugabar makarantar firamare mai ritaya, a kwance, kamar buhun ciyawa.

Hannatu na kan layin da na ja, ruwa ya kusa cin sa, amma ba ta tsallake ba. Ta miƙa jariri ga wata mata ta nufo ni. Na ce, "Bar ni, duba kayanki tukuna." Ta durƙusa ta buɗe kula, tana ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya tana duba su a hasken rana, ko akwai kumfar iska. Ban taɓa jin tsoron sakamakon jarrabawa irin na ranar ba. Ta ɗaga ta ƙarshe ta daɗe tana kallo. Sai ta rufe kula, ta zauna a kan yashi ta rufe fuska da hannu biyu.

Na ce, "Sun lalace?"

Ta girgiza kai. "Duk sun yi, Mama. Ko ni ban taɓa rufe su haka ba."

Aka aika da kular birni a kan babur, cikin ƙanƙara. Ni kuma aka ɗauke ni ranga-ranga zuwa gida, mata na biye suna ba juna labarin matsar soso, kowace na kwaikwayon hannuna. Bi Zuhura ta ce maganin ƙayar nan ruwan zafi ne da ɗanyen gwanda. Kafin in ce wani abu Hannatu ta hura wuta ta ɗora tukunya. Na ce mai jego ba ta aiki, ta ce mai jinya ba ta magana. Ta zauna a kan 'yar kujera ta ɗora ƙafata a cinyarta, tana tsoma tsumma tana gasawa, tana cire ƙaya ɗaya-ɗaya da hantsaki. Ruwan ya yi zafi ƙwarai, na janye ƙafa na ce ta sirka.

Ta riƙe ƙafar gam, ba ta ko ɗago kai ba. "Haƙuri za ki yi, Mama. In bai yi zafi ba, ba ya magani."

Maganar da nake faɗa mata kullum in ina yi mata wanka ce ta maido mini. Na bar mata ƙafar, hawaye na zuba, kuma ba na zafin ruwan ba ne.